Aiken da Ya Bi ta Kan Giyayya

Tun da na dawo daga Kabi ban huta da tambaya ba. In na zauna wajen mai shayi, tambaya. In na buɗe shago, kafin mutum ya miƙo wayarsa in duba sai ya ce, "Auwalu, wai da gaske jirgi kuka tuƙa?" Har an fara yaɗawa a layinmu cewa na zama matuƙin jirgin sama. To ga labarin nan na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni in yi aikina.

Ni mai gyaran waya ne da rediyon oba-oba. A Kano aka haife ni, kuma kafin wannan tafiya ruwan da na fi sani shi ne na famfo, shi ma in ya ga dama ya zo. A ƙarshen damina wata ƙungiya mai aikin gargaɗin ambaliya ta neme ni in kula mata da wasu sababbin oba-oba da za a gwada a fadamun Kabi, inda waya ba ta da sabis. Ba irin na hannun 'yan sintiri ba ne, waɗanda in nisa ya yi yawa sai dai ka ji shuuu. Waɗannan kowace tana karɓar magana ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa gaba, kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu da hannu. Sharaɗinsu ɗaya ne: kowace ta kasance a kunne, kuma a sarari inda za ta samu 'yar'uwarta. Har ƙaramin jirgin nan mara matuƙi ana ɗaura masa ɗaya, in ya tashi sama ya haɗa waɗanda ke nesa da juna a ƙasa.

Ranar da zan tafi na je sallama wajen mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina durƙushe a gabanta, ta juya wajen ƙanwata Hadiza ta ce, "Ki ce wa yaron nan in zai shiga ruwa ya yi addu'a. Bai iya iyo ba." Ga furfura ta fara fito mini, amma har yau yaron nan ne. Na saba, sai dai ba zan ɓoye ba, wani lokacin abin yana ɗan sosa mini rai.

Mun bi ta Funtuwa da Gusau, kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a, don kun san yadda hanyar take. Na kwana Sakkwato, da safe na kama motar Jega. A shingen da ke kusa da iyakar Sakkwato da Kabi aka ce in buɗe akwatina. Jami'in na ganin oba-oba jere da eriyoyinsu fuskarsa ta canza, don a wannan zamani ba kayan da mutum zai so a gani a hannunsa a daji ba ne. Na nuna takardar izini, ya duba gaba ya duba baya, ya tambayi sana'ata. Da na ce gyaran waya, sai ya saki fuska ya zaro tasa daga aljihu.

"Tun shekaranjiya ba ta caji," ya ce.

Haka na tsuguna a gefen titi ina sakace ƙura daga bakin cajin wayar jami'i, fasinjoji suna ta tsaki a mota. Da ta kawo wuta ya cika mini aljihu da dafaffiyar gyaɗa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Da gyaɗar na ba 'yan motar haƙuri.

A Gwandu Injiniya Rabi ta tarbe ni, ita ce shugabar aikin kuma ita ke tuƙa jirgin. 'Yar garin ce, gajeriya, dariyarta ta fi ta girma. Ta sauke ni a shagon baƙi na gidan kawunta. Abu na farko da ya ba ni wuya shi ne gaisuwa. Mu Kanawa a tsaye muke gaisawa, ido ɗaya na kan ciniki. Can kuwa sai an tambayi gajiyarka, da gidan da ka baro, da ruwa, da hanya, in ka ɗauka an gama a sake ɗaukowa daga farko. Na biyu shi ne tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwarmu. Daren farko na ce ta yi tsami. Kafin in bar garin ni ke neman ƙari, matan gidan suna aiko yara su tambaya ko Bakano ya daina yatsina fuska.

A Kambaza muka fara gwaji. Muka rarraba oba-oba a tsakanin ƙauyen da gonaki, muka ɗaure ɗaya a kan bishiyar ƙofar gidan wani dattijo mai tireda, muka ce ya sa mata ido. Washegari magana ta ƙi wucewa, ta tsaya cak a tsakiya. Na zargi batir, na zargi eriya, na zargi kaina. Da muka isa gidan dattijon babu komai a kan bishiya. Ya shiga ɗaki, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya buɗe, ya warware darduma, sai ga oba-obarmu kwance lafiya lau.

"Amana ta, ɗana," ya ce. "Ƙaƙa za ni bar amana bisa icce, ruwa na bugunta?"

Rabi ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa ban iya yi masa faɗa ba. Na zauna na yi masa bayani cewa wannan abu in ka ɓoye shi ba kai kaɗai ka yi shiru ba, ka toshe bakin duk wanda ke bayanka. Ya jinjina kai, ya ce to ai sai a yi mata 'yar rumfa. Kuma ya yi mata, da kara da leda.

Muna shirin wucewa Kalgo aka ce ruwa ya sauko fadama da ƙarfi. Da sassafe muna loda kaya sai ga wani tsohon Bafillace daga rugagen da ke bayan Gwandu, dogo siriri, da bargo a kafaɗa, ɗansa na biye da shi. Sunansa Baffa Altine, ɗan kuma Sambo, magidanci ne mai 'ya'ya. Bayan doguwar gaisuwa tsohon ya ce ya ji muna da abin da ke gani daga sama.

"Shanuna na can wajen Diggi, bisa wani tudu cikin hwadama," ya ce. "Da wanda ke tare da su."

Rabi ta ce su shigo. Duk tsawon hanya Baffa maganar shanu yake yi, wacce ta kusa haihuwa, wacce ke tsoron tsawa, wacce uwarta ta taɓa yi masa rauni a cinya. Wanda ke tare da su kuwa bai ƙara ambatarsa ba, har na ɗauka ɗan kiwon haya ne, na ce a raina wannan tsoho ya fi son dabba da mutum. Sai da muka tsaya a Kalgo shan fura na tambayi Sambo a gefe.

"Wane ne ke tare da shanun?"

"Hammana na, Manu," ya ce, wato yayansa. "Shi a babba. Ɗan farin Baba na, shi ya sa."

Ya ce tun suna yara, in Baffa zai yi wa Manu magana shi yake aika, ko da kuwa su ukun suna zaune a tabarma ɗaya. Manu ya kai shanun tudun ne don kada su shiga gonakin mutane, kuma tun da ruwa ya zagaye wurin ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Na ajiye ludayin furar. Abin da na baro a gida ne na tarar a nan, sai dai nasu ya fi namu tsauri.

Mun isa Diggi da hantsi. Inda aka ce gonakin shinkafa ne, ruwa ne ja shimfiɗe iya ganinka, sai kawunan bishiyoyi. Mutanen gari suka taru a bakin ruwa, Rabi ta ta da ƙaramin jirginta sama. Ta daɗe tana nema, ta sauke ta canza batir, ta sake tayarwa, kafin tudun ya bayyana a allon da ke hannunta. Ya rage kaɗan, shanu sun cure wuri ɗaya. Baffa ya matso ya sa yatsa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sai yatsan ya kai kan wata 'yar malafa a gefen garken, ya tsaya. Wannan kam bai kira suna ba. Amma bai ɗauke yatsan ba sai da Rabi ta ce a hankali, "Baffa, ka rufe mini hanya."

Wani masunci mai suna Na'allah ya ce zai je da kwalekwalensa. Baƙi ne kakkaura, bakinsa ba ya hutawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bakano, ko ka taho mu tahi? Ka samu kasuwa, ka saida ma kihi waya." Na tuna saƙon mahaifiyata na ce aikina a tudu yake. Na ba shi oba-oba biyu, na ce in ya kai wata giyayya da muke hange a tsakiyar ruwa ya ɗaure ɗaya a reshe mafi tsawo, ɗayar ya rataya a wuya, kada ya kashe ko da wasa.

Har giyayyar muna jin sa sarai, yana waƙa yana zagin ruwa. Da ya wuce ta ya shiga cikin dogayen ciyayi sai muryar ta fara yankewa, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Nisan ya fi ƙarfin ta kan bishiyar. Rabi ta dube ni, na dube ta. Batirin jirgi ɗaya ya rage mana mai cikakken caji. Muka jira har muka ƙiyasta ya isa, bayan azahar, sannan na ɗaura wa jirgin oba-oba, ta tashe shi ta tsayar da shi a sama tsakanin giyayyar da tudun.

Nan take muryar Na'allah ta faɗo, kuma babu wasa a cikinta.

"Na ishe shi. Jikinai zahi kamar wuta, ƙahwa ta kumbura. Ruwa na cin tudun, in dare ya yi ban san abin da za shi rage ba. Yac ce ba shi shiga jirgi. Wai za shi kora su su yi iyo, shi kama wutsiyar ta gaba. Wallahi in yash shiga ruwan ga da jikin ga, ba shi hita."

Kwalekwale mutum yake ɗauka, ba ya ɗaukar saniya. Masuntan da ke wurin suka ce in Allah ya kai mu gobe za su haɗa jirage da makiyaya su gwada fitar da shanun ta inda ruwa bai da ƙarfi, amma yau ba zai yiwu ba, kuma ba su yi alkawarin za a same su duka ba.

Baffa ya yi wa Sambo magana ƙasa-ƙasa. Sambo ya karɓi oba-oba, na nuna masa inda zai danna.

"Hamma, Baba yac ce ka shiga jirgi ka taho."

Sai wata murya a gajiye ta fito. "Kai kac ce, Sambo. Baba ba shi cewa a bar shanu. Shi yab ba ni su, ba ni komawa in dube shi hannu wohi."

Sambo ya rantse, ya sake rantsewa. Manu ya ce ya san ƙaninsa, tausayi ne ke sa shi ƙarya. Rabi ta ce mini a hankali batir ya wuce rabi. Kowa a bakin ruwan ya san abin da ya rage shi ne uban ya yi wa Manu magana da bakinsa, kuma ba mai iya faɗa wa tsohon. Yana tsaye ya juya mana gefe, yana murza bakin bargonsa.

Abin da mutanen Diggi suka yi a lokacin ba zan manta da shi ba. Wani dattijo a cikinsu ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, ku taho mu duba jiragen gobe." Babu wani jirgi da ke buƙatar dubawa. Amma duk suka juya, manya da yara, suka bi shi can nesa, har Sambo, bayan ya miƙo mini oba-obar. Rabi ba ta da halin tafiya, sai ta ja mayafinta ta juya baya, idonta a kan allo. Saura ni, da oba-oba a hannu.

Na durƙusa na miƙa wa Baffa. Ya dube ta kamar garwashi.

"Ɗana, ban taɓa ba," ya ce. "Tun randa anka haihe shi."

Ban san inda maganar ta fito mini ba. Na ce, "Baffa, ai ba kai tsaye za ta je masa ba. Wannan ta hannuna ba ta isa can. Ita za ta gaya wa ta kan giyayya, ta kan giyayya ta gaya wa ta sama, ta sama ta gaya wa ta wuyan Na'allah. Haka aikinsu yake."

Ya dubi giyayyar, ya ɗaga kai ya nemi ɗan ɗigon da ke sama. Ya daɗe.

"Ashe aike na," ya ce.

"Aike ne, Baffa."

Bai karɓa ba, ni na riƙe na danna masa. Ya sunkuyo da kansa kusa da hannuna, har ina jin numfashinsa, ya ce da Hausa, "To, ki gaya ma 'yar'uwarki, ta gaya mai." Sai ya tsaya. Sai ya koma Fillanci. Ba na jin Fillanci, amma kalma ɗaya na gane, don sau biyu ya faɗe ta. Manu. Manu.

Na saki madannin. Babu abin da ke fita sai ƙarar iska. Sannan muryar nan ta dawo, ta zama kamar ta ƙaramin yaro.

"Na'am, Baba."

Daidai nan abin hannun Rabi ya fara ƙara, ta ce dole ta dawo da jirgi ko ya faɗa ruwa. Yana juyowa magana ta yanke. Ba mu ji ko ya shiga kwalekwalen ba, ba mu ji ko bai shiga ba.

Wannan jira shi ne mafi tsawo da na taɓa yi. Muka yi la'asar a bakin ruwa. Baffa ya zauna a kan bargonsa yana jan carbi, ya ba ruwan baya, kamar ba abin da ya dame shi a can. Ni na ƙura wa oba-obar ido ina roƙon Allah. Rana ta yi sanyi sosai kafin ta kan giyayya ta kamo su, muka ji Na'allah yana cewa, "Bakano, kana nan? Ka aza ruwan zahi, ina tahe da baƙo." Na yi kabbara ban san na yi ba. Rabi ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Da kwalekwalen ya taɓa gaɓa mutane suka ruga suka ɗauko Manu, dogo kamar ubansa, yana rawar sanyi, malafar na rataye a wuyansa. Na zaci tsohon zai tashi ya rungume shi, don ni da haka zan yi. Ko kallonsa bai yi ba. Ya tashi ya nufi Na'allah ya yi masa godiya, ya shiga tambayarsa shanu. Sai da ya gama ya ɗauki bargon da yake zaune a kai, ya kakkaɓe shi da kyau, ya miƙa wa Sambo.

"Ba wancan," ya ce. "Sanyi shika ji."

Manu ya karɓa, shi ma bai ɗaga ido ba. Amma na ga yadda ya cusa fuskarsa a cikin bargon, kuma ba don sanyi ba ne.

A motarmu aka kai shi asibiti a Kalgo. A hanya na tambayi Sambo me Baffa ya faɗa, don na san iska ta kai musu. Ya ce shi bai ji komai ba, jirage yake dubawa. Can kuma ya ce, yana kallon taga, "Cewa yay yi shanu ana samun wasu."

Washegari masunta da makiyaya suka fitar da mafi yawan garken. Wasu ruwa ya tafi da su, har da wacce ta kusa haihuwa, wadda Baffa ya fi yawan ambata a mota. Da aka gaya masa ya ce Allah ya bayar, Allah ya karɓa, sannan ya aiki Sambo ya je ya ji ko wancan ya ci abinci. Mun ƙara kwanaki muna aiki a Wurogauri, Na'allah ya cika mini jaka da bandar kifi wai in kai wa Kanawa su san abinci, sannan na kamo hanyar gida.

Jirgi dai ban tuƙa ba, ku daina faɗa. Riƙe oba-oba na yi.

Da na iso Kano gidan mahaifiyata na fara zuwa, da warin kifi a jikina. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon tabarma, ta juya wajen Hadiza.

"Ki tambayi yaron nan ko ya ci abinci. Na ga ya rame."

Shekara da shekaru ina jin irin wannan magana, ina jin zafin hanyar da take biyowa. Ran nan ne na fara jin maganar kanta. Hawaye ya cika mini ido, na sunkuyar da kai don kada in ba ta kunya.

"Hadiza," na ce, "ki gaya mata ban ci ba. Nata nake jira."